Yadda ake yin cebureki a gida

Cebureki abincin gado ne na Tatar ɗin Kirimiya, al'ummar Musulmi da ke yankin nan na gaɓar Bahar Aswad. Fallen kwaɓin fulawa ne guda ɗaya, a murza shi siriri, a shimfiɗa ɗanyen niƙaƙƙen nama da albasa a rabinsa, a ninko ɗaya rabin a rufe, a liƙe baki, a jefa cikin mai mai zafi. A watan Mayun 1944 gwamnatin Stalin ta kwashe wannan al'umma kakaf daga ƙasarsu ta zube su a Asiya ta Tsakiya, mafi yawansu a Uzbekistan, kuma ko a can ba su bar girkinsu ba. A zamanin Tarayyar Sobiyet cebureki ya zama abincin kan titi da kasuwa a birane da yawa, har da shagunan da aka buɗe dominsa. A Turkiyya kuwa birnin Eskishehir ne ya yi suna da shi, albarkacin Tatar ɗin da suka yi ƙaura zuwa can tun zamanin sarakunan Usmaniyya na Turkiyya.

Uwargida, idan kin saba yin samosa, hannunki ya riga ya san rabin aikin. Amma akwai abu guda da dole ki ajiye a gefe, shi ne soya nama kafin a naɗe. A cebureki naman ɗanye yake shiga, da albasa mai yawa, da ruwa. A cikin kwaɓin yake dahuwa, ruwan albasa da kitsen nama su haɗu su zama romo, kwaɓin ya tsare romon ya hana shi fita. Wanda ya ciji cebureki bai ji romo ya zubo masa a baki ba, to bai ci cebureki ba tukuna. Duk matakan da za su biyo baya, daga zafin ruwan kwaɓi har zuwa yadda ake juya shi a kasko, wannan romon suke karewa.

Abin da za ki tanada

Don kwaɓi: fulawa gram 500, wato kusan kofi 4 idan kofin mai cin mililita 250 ne, ruwan zafi kofi 1, man gyaɗa babban cokali 2, gishiri ƙaramin cokali 1, ruwan khal babban cokali 1 idan kina da shi. Ba yis, ba bakar hoda, ba sukari.

Don haɗin ciki: niƙaƙƙen naman rago ko na sa gram 400, mai kitse, albasa gram 250, kamar manya 2 ke nan, ruwan sanyi ko romon nama da ya huce rabin kofi, gishiri ƙaramin cokali 1 da ɗan ɗori, masoro ƙaramin cokali 1, lawashi kaɗan ga mai so. Sai man suya, aƙalla lita 1, gwargwadon faɗin kaskonki. Wannan awon zai ba ki cebureki 12 zuwa 14 masu girman tafin hannu biyu idan an buɗe fallen.

Za ki ga wasu girke-girken Rasha suna zuba cokalin giya a kwaɓi wai don ya yi ƙaras-ƙaras, wasu kuma suna gauraya naman alade. Ko ɗaya ba ya cikin girkin Tatar, kuma ba a buƙatarsu. Naman rago ko na sa su ne asali, ruwan zafi da murza mai kyau kuma sun isa su ba ki ɓawon da kike so.

Kwaɓi

Ki tankaɗe fulawar a cikin roba mai faɗi, ki ɗebe kamar rabin kofi ki ajiye gefe, domin fulawa ba ɗaya ba ce wajen shan ruwa. Ki tafasa ruwan, ki zuba gishiri da man gyaɗa a ciki, ki juya gishirin ya narke. Da zafinsa za ki kwarara shi a tsakiyar fulawar kina juyawa da muciya ko cokalin katako. Kada ki sa hannu yanzu, zai ƙone ki. Da farko za ki ga ya yi gudaji-gudaji, ba kyan gani. Haka ake so. Idan za ki sa khal, a nan za ki zuba.

Amfanin tafasasshen ruwa shi ne yana ɗan dafa sitacin da ke cikin fulawa, sai kwaɓin ya yi laushi, ya yarda a murza shi siriri ba tare da ya tsage ko ya janye ya koma ba. Da ruwan sanyi ma ana yi, kuma akwai gidajen da haka suke yi, amma ga mai fara koyo ruwan zafi ya fi sauƙin sarrafawa nesa ba kusa ba.

Idan ya ɗan huce har hannu zai iya taɓawa, ki juye shi a kan tebur mai tsabta ki murza da gindin tafin hannu na minti 8 zuwa 10. Ki tura, ki ninko, ki juya, ki sake turawa. Idan yana manne miki a hannu, ki barbaɗa daga fulawar da kika ajiye, kaɗan-kaɗan. Idan ya bushe har yana farfashewa, ki jiƙa hannunki da ruwa ki ci gaba. Abin da ake nema kwaɓi ne mai ƙarfi, sumul, wanda ba ya kama hannu. Ya fi na fanke tauri sosai, ya kuma fi na burodi. Kwaɓi mai ruwa-ruwa zai sha mai, kuma ba zai iya riƙe romo ba.

Ki cura shi, ki sa a leda ko ki kife masa roba, ki bar shi ya huta minti 40. Wannan hutun ba na ado ba ne. Kwaɓin da aka gama murzawa yanzu danƙonsa a ɗaure yake, duk yadda kika baje shi sai ya tattaro. Bayan hutu danƙon yana sakewa. Idan kina da lokaci ki bar shi awa ɗaya, ko ki kwaɓa da daddare ki sa a firji, washegari ki fito da shi ya saki sanyi kafin ki taɓa.

Haɗin nama

Nan ne ake cin nasara ko a faɗi. Farko dai naman ya zama mai kitse, kamar kashi ɗaya cikin biyar na nauyinsa. Tsokar sa zalla za ta dunƙule ta bushe a cikin kwaɓin. Idan kin je wurin mahauci, ki ce ya haɗa miki da kitse, ko ki sayi ɗan kitsen rago daban a niƙa tare. Naman layya na rago ya dace da wannan girki ƙwarai, musamman wajen kafaɗa. Idan babu injin niƙa nama, wuƙa mai kaifi ta isa: ki sa naman a firiza ya ɗan ƙame, ki yayyanka ƙanana, sannan ki yi ta sassarawa a kan katako har ya yi laushi. Da yawa daga masu girkin sun fi son na wuƙa ma, domin naman ba ya zama tamkar an dama shi.

Albasa kuwa kada ki ji tsoron yawanta. Fiye da rabin nauyin naman take kaiwa, wasu har daidai wa daida suke yi. Ki yanka ta ƙanana iya iyawarki, ki zuba a kwano, ki barbaɗa gishirin a kanta, ki murtsuke da hannu na minti biyu har ta yi laushi ta fitar da ruwa. Wannan ruwan kada ki zubar, shi ne kan romon. Za ki iya goga ta a abin goga kuɓewa idan kina sauri, amma yankakkiya da aka murtsuke ta fi daɗin tauna. Albasa mai manyan yanka matsala biyu take kawowa: ba ta gama dahuwa a minti huɗun da cebureki ke yi a mai, kuma kusurwarta tana huda kwaɓi.

Ki zuba naman a kan albasar, ki sa masoro da lawashi, ki cuɗa. Sai ki fara zuba ruwan sanyin cokali-cokali kina juyawa, ki bari naman ya shanye kafin ki ƙara. A ƙarshe haɗin ya yi laushi kamar ƙullun ƙosai mai kauri, wanda za ki iya shafa shi da bayan cokali. Idan yana curuwa a hannu, ruwa bai isa ba. Idan ruwa yana kwanciya a gindin kwano, ki sake juyawa kafin kowane ɗiba. Wasu suna maye gurbin rabin ruwan da madara mai tsami. Kindirmo marar sukari yana yin wannan aikin, yana ƙara wa naman taushi da ɗan tsami mai daɗi.

Girkin Tatar ba ya son tarkacen kayan ƙamshi, gishiri da baƙin barkono, wato masoro, ne kawai a yawancin gidaje. Shawarata ki yi na farko a haka, ki san ainihin ɗanɗanon abin. Daga baya idan bakin gidanki ba ya rabuwa da yaji, ki daka attaruhu guda ɗaya ki zuba. Kori, tayim da dunƙule masu yawa kuwa suna danne zaƙin albasa da ƙamshin rago, sai a rasa abin da ya bambanta shi da sauran soye-soye.

Don ki tabbatar da gishiri, ki ɗebi ɗan kaɗan ki soya a kasko ki ɗanɗana, kada ki lasa ɗanye. Sannan ki rufe kwanon ki sa a firji na minti 20 zuwa 30. Ɗanyen niƙaƙƙen nama ba ya jure zafin gari. Idan babu wuta, ki haɗa shi daf da lokacin suya, ki ɗora kwanon a cikin ruwan sanyi.

Murzawa da naɗewa

Ki mulmula kwaɓin ya yi tsawo, ki yanka gida 12 zuwa 14, kowane curi kamar gram 55 zuwa 60. Ki mulmula kowanne, ki rufe su da leda ko tsumma mai ɗan danshi, domin iska tana busar da su nan da nan, balle lokacin hunturu.

Ki ɗauki curi ɗaya ki danne da tafin hannu, ki murza da katakon murza fulawa, ko kwalba mai santsi idan babu. Daga tsakiya zuwa baki, kina juya fallen bayan kowace murza don ya fita zagaye. Ki kai shi faɗin santimita 18 zuwa 20, kaurinsa milimita 1 zuwa 2. Idan kin ɗaga shi ki iya hango inuwar yatsunki ta baya, amma kada ya kai ga yagewa. Mai kauri ba ya yin ƙaras-ƙaras, cikinsa kuma yakan zauna ɗanye; wanda ya wuce kima a sirantaka yana fashewa a mai. Idan kina son su fito bai ɗaya, ki kife faranti a kai ki zagaye da wuƙa.

Fulawar barbaɗawa ki rage ta iya raguwa. Duk garin da ya manne a jikin fallen zai zube a cikin mai, ya ƙone, ya baƙanta man, ya sa wa na baya ɗaci. Kwaɓin da aka yi daidai kusan ba ya buƙatar barbaɗi. Idan yana kamawa, ki shafa ɗigon mai a tebur maimakon gari.

Ki juya haɗin naman, ki ɗebi babban cokali 2, ki zuba a rabin fallen, ki baje shi da bayan cokali ya kwanta siriri. Kada ki tara shi tsibi a tsakiya, domin siririn shimfiɗa ne ke sa ɗanyen nama ya dahu cikin ɗan lokaci. Ki bar santimita 1 da rabi daga baki babu komai, kuma ki kula kada ruwan naman ko kitse ya taɓa wurin. Bakin da ya jiƙe da romo ba ya liƙuwa.

Ki ninko ɗaya rabin ki rufe. Kafin ki danne baki, ki bi da tafin hannu a hankali daga wajen ninkin zuwa waje ki kore iskar da ta maƙale. Iskar da aka kulle a ciki tana faɗaɗa da zafi, ta kumbura cebureki fiye da kima har ya ɓalle. Sai ki danne bakin da yatsu sosai, ki bi da cokali mai yatsu ki daddanna, amma ki lura kada tsininsa ya huda wajen da nama yake. Wasu suna bi da katakon murzawa a kan bakin sau ɗaya, sannan su datse gefen da wuƙa ko ɗan faifan yanka mai haƙora. Datsewar tana ƙara haɗe fallen biyu. Idan kin ga ƙaramar huda, ki tsinko ɗan kwaɓi ki toshe. Huda komai ƙanƙantarta za ta saki romo cikin mai.

Kada ki naɗe duka ki jera kina jiran suya. Ruwan naman yana ratsa kwaɓi cikin minti kaɗan, gindin ya jiƙe ya manne a tire. Ki naɗe biyu, ki soya biyu. Idan akwai mai taya ki, ɗaya ta riƙa murzawa da naɗewa, ɗaya tana bakin kasko. A haka aikin yake tafiya da sauri.

Suya

Ki sami kasko mai faɗi da ɗan zurfi, ki zuba mai ya kai zurfin santimita 3 zuwa 4, yadda cebureki zai yi iyo bai taɓa gindi ba. Mutane suna ganin rage mai tattali ne, alhali a ɗan mai kaɗan ne yake kwanciya a gindin kasko, ya ƙone a wuri ɗaya, ya kuma fi shan mai. Man gyaɗa yana jure zafi, ya dace. A can ƙasashen man furen rana suka fi amfani da shi.

Zafin da ake so digiri 175 zuwa 180 ne a ma'aunin Salshiyas. Idan ba ki da ma'auni, ki jefa ɗan guntun kwaɓi: idan ya taso sama nan take yana kumfa a kewaye, man ya yi. Idan ya nutse ya zauna, ki jira. Idan ya yi baƙi kafin ki ƙirga goma ko man yana hayaƙi, ki rage wuta.

Ki riƙe cebureki ta kusurwa biyu, ki zura shi a hankali kina kai shi nesa da jikinki. Kada ki wurga. Yana shiga zai fara tasowa. Ki ɗauki cokali ki riƙa ɗebo man kina kwarara masa a bayansa da ke sama. Nan da nan za ki ga ƙananan bororo suna fitowa a fatar kwaɓin, ruwan da ke cikinsa ne yake zama tururi yana ɗaga ta. Waɗannan bororon su ne alamar cebureki na ƙwarai, su ne kuma ke ba shi ƙaras-ƙaras. Bayan kamar minti 2, idan ƙasan ya yi ja mai haske, ki juya shi da matsami ko cokula biyu. Kada ki kusanto da cokali mai yatsu ko tsinke, kuma sau ɗaya ake juyawa. Ɗaya gefen ma minti 2.

Biyu a lokaci guda sun isa. Idan kika cika kaskon zafin man zai faɗi, kwaɓin ya tsotse mai ya yi nauyi. Tsakanin kowace suya ki ba man ɗan lokaci ya dawo da zafinsa, ki kuma tsame duk wani ɓarɓashi da ya rage.

Idan ɗaya ya fashe, za ki ji man ya ɗauki ƙara yana fantsama. Ki ja baya, ki rage wuta, ki tsame shi da matsami mai dogon hannu, ki bari ruwan da ya zuba ya ƙone ƙarar ta lafa kafin ki sa wani. Yara su yi nesa da murhu a wannan suyar, domin ruwa da tafasasshen mai ba sa shiri.

Na farkon da kika tsame, ki yanka shi ki duba. Naman ya zama ya dahu babu ja, romon ya fito garau. Idan waje ya yi ja ciki bai nuna ba, ko dai wuta ta yi yawa ko naman ya yi tsibi. Ki gyara a na gaba. Sauran ki jingina su a tsaye cikin kwando ko a kan takardar tsane mai. Kada ki ɗora wani kan wani ki rufe, sai dai idan masu laushi kike so, domin tururi yana kashe ƙaras-ƙaras ɗin.

Ci da ajiya

Da zafinsa ake ci, da hannu. A bar shi minti biyu ya sarara, a riƙe shi kusurwa ɗaya tana sama, a ciji kan, a tsotse romon, sannan a ci gaba. Wanda ya kama tsakiya ya gatsa zai ƙone baki, rigarsa ma ba za ta tsira ba. A Kirimiya da Turkiyya ana haɗa shi da shayi ko da madara mai tsami da aka tsinka da ruwa aka sa ɗan gishiri. Nono marar sukari zai tsaya a wannan matsayin, yana yanke maiƙo. Yankakken tumatir da albasa a gefe ma sun wadatar.

Ga wanda ba ya son suyar mai, Tatar suna da ɗan'uwansa da suke kira yantik. Kwaɓi ɗaya ne, haɗi ɗaya, sai dai a busasshen kasko ake gasa shi a matsakaiciyar wuta, minti 3 zuwa 4 kowane gefe, a sauke a shafa masa man shanu, a jera wani kan wani a rufe ya yi laushi. Akwai kuma masu cika shi da cuku mai narkewa da ganye a madadin nama, kuma shi ya fi saurin soyuwa.

Wanda ya kwana romonsa ya riga ya shige cikin kwaɓi, ba zai dawo yadda yake ba, amma idan aka ɗumama shi a busasshen kasko a wuta kaɗan yana ciwuwa. Abin da ya fi shi ne ki ajiye kwaɓi daban, haɗin nama daban a firji, ki soya iya wanda za a ci; naman kada ya wuce kwana ɗaya. Idan kina da firiza mai wuta tsayayya, za ki iya naɗe su ki jera a tire ba tare da sun taɓa juna ba, su ƙame, sannan ki zuba a leda. Ranar suya kada ki bari su narke. Ki goge ƙanƙarar da ke jikinsu, ki sa su a man da zafinsa ya ɗan gaza na kullum, kamar digiri 165 zuwa 170, ki ƙara minti 1 a kowane gefe don cikin ya nuna.